Yadda Ake Sauya Furosesa a Madabod ɗin Tsohuwar Kwamfuta Ba Tare da An Ƙona Ta Ba

Madabod (babban faifan da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa) na zamanin Intel 486 da Pentium na farko, wato daga 1989 zuwa ƙarshen shekarun 1990, galibinsu suna da wata ɗabi'a da na yanzu ba su da ita: ba sa tambayar furosesa, wato ƙwayar da ke yi wa kwamfuta lissafi, irin wutar da take buƙata. Abin da aka saita musu da hannu shi suke aika mata, ko ya dace ko bai dace ba. Saboda haka shigar furosesa cikin soket, wato mazauninta a kan madabod, ba ta nufin cewa madabod ɗin zai iya ɗaukarta, kuma furosesa tana iya mutuwa cikin daƙiƙun farko na kunnawa idan an ba ta wutar da ta fi ƙarfinta. Cirewa da sakawa aikin minti biyar ne. Ainihin aikin yana cikin binciken da ake yi kafin a taɓa sukudireba, kuma a kansa wannan jagora zai fi tsayawa. Misalin da za mu riƙe shi ne madabod mai Socket 7 da ke ɗauke da Pentium 133, wanda ake son a ɗaga shi zuwa abin da ya fi haka gudu.

Matakin farko: gane madabod ɗin

Ka fara da neman sunan kamfanin da ya ƙera madabod ɗin, da lambarsa, da kuma lambar bugunsa, wadda ake rubutawa bayan kalmar REV. Yawanci ana buga su da farin rubutu a tsakanin ramukan da ake soka katuna ko a gefen faifan. Lambar bugu tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin madabod biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a na'urar daidaita wutarsu idan bugunsu ya bambanta. Madabod masu araha na wancan zamani da yawa ba su da suna a jikinsu ko kaɗan. Idan naka irin wannan ne kuma yana kunnuwa, ka danna maɓallin Pause da zarar rubutun farko ya bayyana a sikirin, sannan ka kwafi doguwar lambar da ke can ƙasa, domin BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta) na kamfanin Award da na AMI suna ɗauke da alamar kamfanin da ya ƙera faifan a cikin wannan lamba. Da ita za ka nemi littafin madabod ɗin, wanda a cikinsa jadawalin saiti yake. Haka kuma ka karanta sunan cifset, wato manyan ƙwayoyin nan baƙaƙe da ke kusa da soket, kamar Intel 430VX ko 430TX, ko VIA MVP3, ko ALi Aladdin V, domin su ne suke yanke iyakar gudun da faifan zai iya yi.

Kafin ka motsa komai, ka ɗauki hoton madabod ɗin a wuri mai haske, ta yadda kowace jamfa za ta fito sarai. Jamfa a nan ba riga ba ce, 'yar ƙaramar hular roba ce mai ƙarfe a ciki da ake kifawa a kan ƙafafu biyu domin a haɗa su, kuma da ita ake saita wuta da gudu a waɗannan faifai. Wannan hoto shi ne hanyar komawarka idan sabon saiti ya ƙi.

Mataki na biyu: soket da ƙarfin wuta

Sunan soket a rubuce yake a jikin robarsa. A zamanin 486 akwai Socket 1 mai ramuka 169, da Socket 2 mai 238, da Socket 3 mai 237. Pentium na farko da ya fito a 1993 da gudun 60 da 66 MHz (ma'aunin gudun furosesa ke nan) ya zauna a Socket 4 mai ramuka 273, daga baya aka koma Socket 5 mai 320, sannan Socket 7 mai 321 a 1995. 486 da Pentium ba sa shiga gidan juna, haka ma Pentium na Socket 4 da na bayansa, sai dai furosesar Socket 5 tana aiki a Socket 7.

Daga nan sai maganar wuta, wadda ake aunawa da bolt, ake kuma rubutawa da harafin V. Furosesocin 486 na farko, har zuwa yawancin DX2-66, suna cin bolt 5. Amma Intel DX4-100 na 1994 bolt 3.3 take so, ita kuwa Am5x86 mai gudun 133 MHz da AMD ta fitar a 1995 bolt 3.45 take so, alhali dukkansu suna zama daram a soket ɗin tsohon faifan da ba ya bayar da komai sai bolt 5. Wanda ya saka su a irin wannan faifan kai tsaye ya ƙona su. Mafita ita ce faifai mai Socket 3 da ke da jamfar rage wuta, ko kuma irin matsakaicin soket mai na'urar daidaita wuta a jikinsa wanda kamfanoni kamar Kingston da Evergreen suka riƙa sayarwa tare da furosesa a wancan lokaci.

A Socket 7 lamarin ya fi rikitarwa. Pentium na asali, daga 75 zuwa 200 MHz, wuta guda take ci, kimanin bolt 3.3 zuwa 3.5. Da Pentium MMX ta fito a farkon 1997 sai aka raba wutar gida biyu: bolt 2.8 ga cikin ƙwayar, bolt 3.3 ga ɓangaren da ke magana da sauran madabod. Faifan da aka ƙera kafin wannan sauyi, wanda ba shi da hanyar raba wuta, zai tura bolt 3.3 ga cikin ƙwayar, kuma ko da ta kunnu za ta riƙa zafi fiye da ƙima. AMD K6 mai gudun 166 da 200 MHz tana cin bolt 2.9, mai 233 kuma bolt 3.2. K6-2 ta 1998 yawancinta bolt 2.2 ce, wasu 'yan kaɗan 2.4, K6-III ta 1999 a kan 2.4 ta fara fitowa, sannan K6-2+ da K6-III+ suka sauko kusan bolt 2.0. Ka lura da tazarar da ke tsakanin 2.2 da 2.8: faifan da mafi ƙarancin saitinsa 2.8 ne yana ɗaukar Pentium MMX lafiya, amma K6-2 ba za ta daɗe a kansa ba. Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne AMD tana buga wutar da ake buƙata a saman murfin furosesar, saboda haka ka karanta abin da ke jikin wadda ke hannunka maimakon ka dogara da sunan iyalinta kawai.

Akwai kuma abin da jadawalin littafi ba ya faɗa, wato nau'in na'urar daidaita wutar. Tsofaffin faifai suna amfani da nau'in da ke rage wuta ta hanyar mayar da rarar zafi, kuma ana gane shi da babban ƙarfen sanyaya da ke tsaye kusa da soket. Sababbi suna da nau'in da ke yanka wutar da sauri, wanda ake gane shi da zoben da aka naɗe da wayar tagulla. Nau'in farko yana iya bayar da daidai bolt ɗin da ake so amma ya kasa jure yawan wutar da furosesa mai sauri ke ja, sai ya yi zafi har kwamfutar ta riƙa tsayawa cak bayan ta ɗan yi aiki. A ra'ayina, idan faifanka irin na farko ne, ka tsaya a Pentium MMX, kada ka matsa masa da K6 mai 233, wadda ta yi suna wajen jan wuta.

Mataki na uku: lissafin bas da ninki

Gudun furosesa sakamakon abu biyu ne: gudun bas, wato saurin da madabod ke tafiyar da bayanai, da kuma ninkin da furosesar ke yi masa. Pentium 133 tana gudu ne a bas 66 MHz ninki 2, Pentium 166 ninki 2.5, Pentium 200 kuma ninki 3. Faifai da yawa jamfofin ninki biyu kaɗai gare su, waɗanda ake yi wa alama da BF0 da BF1, don haka saiti huɗu kawai suke iya bayarwa: 1.5 da 2 da 2.5 da 3. A zahiri wannan ya nuna cewa iyakarsu 200 MHz ce, amma masu ƙera furosesa sun yi wata dabara. Pentium MMX 233 tana fassara saitin 1.5 a matsayin 3.5, don haka idan littafinka bai ambaci 233 ba, ka saita jamfofin kamar yadda ake saita wa Pentium 100. Haka nan K6-2 na ƙarshe-ƙarshe, daga mai gudun 400 MHz, suna fassara saitin 2 a matsayin 6, kuma 66 sau 6 ya ba da kusan 400. Ma'ana, faifan da ke ɗauke da Pentium 133 ba ya buƙatar a taɓa jamfar ninkinsa kafin ya tafiyar da K6-2/400 da cikakken gudunta, matuƙar zai iya sauko da wuta zuwa bolt 2.2. Da wannan dabara ce faifai irin su Asus P55T2P4 suka yi tsawon rai fiye da yadda aka tsara musu. Irin wannan fassara tana nan a zamanin 486 ma, inda Am5x86 ke ɗaukar saitin ninki 2 a matsayin 4 a kan bas 33 MHz.

Game da bas, cifset na Intel na Socket 7 an yi su ne don 66 MHz. Wasu faifai suna da saitin 75 da 83, amma a mafi yawansu ramukan PCI da ake soka katuna suna gudu ne da rabin gudun bas, don haka maimakon 33 MHz da aka tsara musu sai su hau 37.5 ko sama da 41. Katin hoto yakan jure, amma faifan ajiya (hard disk) yana iya fara rubuta bayanai gurɓatattu ba tare da wata alama ba, kuma wannan ɓarna ce da ba a ganinta sai ta yi nisa. Bas 100 MHz na gaskiya sai a faifan da ake kira Super Socket 7, masu cifset irin su MVP3 ko Aladdin V. Furosesocin Cyrix 6x86 kuma suna da tarko nasu, domin lambar PR da ke jikinsu ba gudunsu ba ce: PR200+ tana gudu ne a 150 MHz, bas 75 ninki 2.

Idan faifanka na Slot 1 ne, wanda ya zo da Pentium II a 1997, ko na Socket 370, wahalar jamfofi ta ragu, domin furosesar ce ke gaya wa faifan wutar da take so, kuma Intel ta kulle ninki tun 1998. Abin dubawa a nan shi ne ko na'urar daidaita wutar tana iya saukowa ƙasa da bolt 1.8, domin Pentium III na Coppermine suna cin tsakanin 1.6 da 1.75, kuma bugun farko na faifai masu cifset 440BX da yawa ba sa kaiwa nan.

Mataki na huɗu: lafiyar faifan da BIOS

Furosesa mai sauri tana tona asirin faifan da ya gaji. Ka duba batirin agogo da kyau. Faifai na 386 da 486 da yawa suna da batir mai siffar ƙaramar ganga da aka liƙa da dalma, kuma bayan shekaru talatin yakan zubar da ruwan da ke cin layukan tagulla, ya bar kore ko farin gari a kewayensa. Ka cire shi, ka goge wurin da ruwan khal da buroshin haƙori, ka bi da sifirit, ka bar shi ya bushe sarai. Sannan ka duba kafasitoci, wato ƙananan gwangwanayen nan masu tara wuta da ke kewaye da soket: duk wadda kanta ya kumbura ko ta yi tsatsa a sama to ta mutu, a sauya ta kafin a ci gaba.

BIOS kuma shi ne ke gane furosesa ya kunna wasu fasahohinta. Tsohon BIOS yakan nuna suna ko gudu ba daidai ba alhali kwamfutar tana aiki lafiya, wani lokaci kuma yakan tsaya cak bai ƙarasa tashi ba. Idan kamfanin ya fitar da sabon BIOS da ya ambaci furosesar da kake son sakawa, ka ɗora shi tun tsohuwar furosesa tana ciki, daga faifan fulofi mai tashi da DOS, tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, kuma ka adana kwafin tsohon kafin ka rubuta sabon. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki ko ɗora fayil na wani bugun daban yana hana faifan tashi gaba ɗaya. Idan babu wata buƙata a fili, a bar kaza cikin gashinta.

Mataki na biyar: cirewa da sakawa

Ka kashe kwamfutar ka zare wayar wuta daga bango. Wannan wajibi ne musamman a tsarin madabod da ake kira ATX, inda faifan ke ci gaba da samun wuta kaɗan ko da an kashe shi. Ka taɓa ƙarfen gidan kwamfutar domin sauke wutar da jiki ke tarawa, ko ka ɗaura abin hannu da aka yi don haka. Idan ka fitar da faifan waje kuma tsarinsa tsohon nan ne da ake kira AT, ka tuna cewa filogin wutarsa biyu ne, P8 da P9, kuma baƙaƙen wayoyinsu suna haɗuwa ne a tsakiya. Juya su yana ƙona faifan.

Ka saita jamfofin wuta tun kafin sabuwar furosesa ta kusanci soket, sannan na bas, sannan na ninki, kana kwatanta kowace da littafi da kuma jadawalin da aka buga a jikin faifan. Idan akwai mitar auna bolt, gani ya kori ji: ka ɗora baƙar wayarta a ƙarfen da ke kewaye da ramin sukuru, jar kuma a ƙafar kafasitar da wuta ke fita daga na'urar daidaitawa, ka kunna ka karanta. Wasu faifai suna sauya wutar gwargwadon irin furosesar da suka ji a soket, saboda haka awon da aka yi da soket fanko ba koyaushe yake nuna gaskiya ba, kuma ya fi aminci a sake aunawa da zarar an kunna da furosesa a ciki. Hannu ya tsaya cik, domin zamewar kan mita tsakanin ƙafafu biyu ta isa ta jawo tartsatsi.

Ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa yana maƙale ne da maƙalli a kunnuwan soket. Ka danna shi ƙasa ka ture waje a hankali, kuma idan sai da sukudireba, ka sa kati mai kauri a ƙarƙashi domin kada ta zame ta yanke layukan faifan. Daga nan ka ɗaga hannun soket har ya miƙe tsaye, furosesar za ta fito ba tare da ja ba. Tsofaffin soket na 486 marasa hannu sai an bi gefe huɗu ana ɗagawa kaɗan-kaɗan, domin ɗaga gefe ɗaya da yawa yana lanƙwasa ƙafafu.

Ka duba ƙafafun sabuwar a gaban haske, layi-layi. Wadda ta karkace ana miƙar da ita da bakin fensir mai cin tsinke bayan an cire tsinken, a zura ƙafar ciki a tura a hankali, sau ɗaya, domin maimaitawa yana karya ta. Kusurwar da aka gutsure ko aka yi wa ɗigo ita ce ta ƙafa ta ɗaya, kuma dole ta dace da alamar da ke soket. A Socket 7 furosesa ba ta shiga a juye, amma 486 mai ƙafafu 168 tana iya shiga ta fuskar da ba daidai ba, kuma a Socket 2 da 3 tana zama ne a tsakiya, layin ramuka na waje ya rage fanko ta kowane gefe. Idan komai ya dace za ta faɗa da nauyinta. Idan sai an danna, to akwai kuskure. Ka mayar da hannun soket ka kulle, ka shafa man sanyaya ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, ka ɗora ƙarfen sanyaya, ka haɗa fanka. Ƙarfen da ya ishi Pentium 133 ba zai ishi K6-2 ba, a nemi babba. A kan Coppermine kuwa ƙwayar a buɗe take ba murfi, kuma ɗora ƙarfen a karkace yana gutsure gefenta.

Mataki na shida: kunnawa da gwaji

Kunnawar farko a yi ta da kaya kaɗan: RAM (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi), katin hoto, kibod da 'yar sifikar faifan. Yatsanka ya kasance kusa da makunni. Idan ka ji ƙauri, ko ƙarfen sanyaya ya yi zafin da ba ya taɓuwa cikin 'yan daƙiƙu, ka kashe nan take ka koma kan jamfofin wuta. Idan fanka na juyawa amma sikirin baƙi ne kuma sifika shiru, ka gwada rage ninki, ka goge saitin CMOS, wato inda BIOS ke ajiye saitinsa, da jamfarsa, sannan ka mayar da tsohuwar furosesa da tsohon saiti domin ka tabbatar faifan yana raye. Jerin ƙara daga sifika alama ce mai daɗi, domin tana nuna furosesar ta fara aiki kuma matsalar tana wajen RAM ko katin hoto.

Idan ta tashi, kada ka gaskata lambar da BIOS ya nuna. Ƙaramar manhajar DOS mai suna CHKCPU tana auna gudun gaskiya da ninki. Ka bar Memtest86 ya zagaya RAM sau da yawa, sannan ka haɗa faifan ajiya ka bar Prime95 ya wahalar da furosesar na wasu sa'o'i, kana taɓa na'urar daidaita wuta lokaci-lokaci don jin zafinta.

Akwai matsaloli biyu da sukan biyo baya waɗanda ba laifin aikinka ba ne. Windows 95 yakan ƙi tashi a kan K6-2 mai gudun 350 MHz ko fiye saboda kuskuren ƙidayar lokaci a cikinsa, kuma Microsoft ta fitar da gyara na musamman wanda ya kamata a ɗora tun furosesar tana kan ƙaramin gudu. Windows 98 ba shi da wannan ciwo. Haka kuma manhajojin DOS da aka rubuta da Turbo Pascal sukan mutu da saƙon Runtime error 200 idan gudu ya yi yawa, wasu tsofaffin wasanni kuma su riƙa gudu kamar an kora su. Maganin gaggawa shi ne a shiga BIOS a kashe kash, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri ta cikin furosesa, wanda ke mayar da ita kusan gudun 386 ko 486, a sake kunna shi idan an gama. Bayan gwaji ya kammala, ka rubuta sabon saitin jamfofi da na da a takarda ka manna a cikin murfin gidan kwamfutar, tsohuwar furosesar kuma ka soka ƙafafunta a soso mai hana taruwar wuta ka ajiye ta cikin ƙaramin akwati.